Hotunana na cikin ɗaki suna fitowa dishi-dishi, sabuwar kyamara ce maganin?

Tambaya: Ina da kyamarar DSLR da na saya tare da gilashinta mai 18-55mm. A waje da rana hotuna suna fita tangaran, amma da na shiga ɗaki ko zauren taro sai su fito dishi-dishi, fuskokin mutane kuma su yi duhu. An ce mini kada in kuskura in ɗaga ISO sama da 400 don yana lalata hoto. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wanda ke gefena da waya sai hotonsa ya fi nawa kyau. In sayar da ita ne in sayi marar madubi da ake yayi yanzu?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sayar da ita tukuna. Kyamarar da ke fitar da hoto tangaran da rana lafiyarta ƙalau. Abin da ke damunka ƙarancin haske ne, kuma shawarar nan da aka ba ka a kan ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske a cikin kyamara, ita ce ta ɗaure maka hannu. Idan ka sayi marar madubi mai sensa (wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara) daidai da taka, ka ɗaura mata gilashi irin wannan, ka kuma tsaya a ISO 400, hoton da za ka samu a zauren nan kusan shi ne wanda kake samu yau. Cire madubin da ke cikin kyamarar DSLR irin taka ba ya ƙara hasken da ke isa ga sensa.

Kafin komai, ka buɗe ɗaya daga cikin hotunan da suka lalace a kwamfuta, ka girmama shi sosai, ka duba shi da kyau, domin dishi-dishi ba iri ɗaya ba ne. Idan komai na cikin hoton ya goge, mutum da bango da kujera, kuma gefen abubuwa ya fito kamar an ninka shi, hannunka ne ya motsa. Idan bango da kujera sun fito ras amma hannun mutum ko fuskarsa sun ja kamar an shafe su, mutumin ne ya motsa. Idan kuwa fuskar ta yi hazo amma labulen tagar da ke bayansa ya fito sarai, saitin gilashi ne, wato wurin da ya zaɓa ya fito da shi sarai, ya kama wani wuri daban. Sannan ka duba bayanan da kyamara ke rubutawa a jikin kowane hoto: tsawon lokacin ɗauka, lambar f, da ISO. Ina da yaƙinin za ka ga 1/8 ko 1/15, da f/5.6.

Ga dalilin da ya sa na ce haka. Abu biyu ne kawai ke tantance yawan hasken da ya shiga kyamara: faɗin ƙofar da ke cikin gilashi, da tsawon lokacin da labulen gaban sensa ya yi a buɗe. Lambar f ita ke nuna faɗin ƙofar, kuma lissafinta a juye yake, ƙaramar lamba babbar ƙofa. Jerin shi ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kuma daga kowace lamba zuwa ta gabanta haske yana raguwa da rabi. Wannan rabi ko ninki shi ake kira mataki ɗaya. Gilashinka yana buɗewa har f/3.5 a 18mm, amma da ka jawo hoto kusa zuwa 55mm, iyakarsa f/5.6. A ɗaki mai hasken fitila irin na yau da kullum, f/5.6 da ISO 400 suna tilasta wa kyamara ta bar labule a buɗe na kusan 1/15 na daƙiƙa. Wannan lokaci a baki kamar ba komai ba ne, amma ya isa mutum ya juya kai, ya kuma isa numfashinka ya girgiza kyamara.

Tsohuwar ƙa'idar masu ɗaukar hoto ita ce, in kana riƙe da kyamara a hannu, kada lokacin ɗauka ya fi ɗaya bisa tsawon gilashi. A kyamara mai ƙaramar sensa irin taka sai ka ninka tsawon da 1.5, ko 1.6 in Canon ce, don haka 55mm yana neman wajen 1/90 ko 1/100. Wannan na hannunka ne kawai. Mutanen da ke tsaye suna magana suna buƙatar 1/125 zuwa sama, mai tafiya 1/250, yaro mai gudu 1/500. Na san za ka ce gilashinka yana da na'urar hana girgiza, wadda Canon ke rubuta wa IS, Nikon kuma VR. Tana aiki, amma hannunka take riƙewa. Ba ta da ikon tsayar da wanda kake ɗauka.

Yanzu mu zo kan ISO, domin a nan ne aka fi ɓatar da masu koyo, kuma abin yana damuna ƙwarai. Tsakuwa-tsakuwar nan da ake gani a hoton dare, yawancinta ba ISO ne ya kawo ta ba. Haske ba ya zuba kamar ruwan famfo, ɗigo-ɗigo yake sauka ba bisa tsari ba. Ka ajiye faranti a cikin yayyafi na daƙiƙa ɗaya, za ka ga wani wuri ya jiƙe wani a bushe. Ka bar shi na minti ɗaya, ko'ina ya jiƙe daidai. Haka sensa take. In hasken da ya sauka kaɗan ne, wani ɗigo na sensa ya samu da yawa, maƙwabcinsa ya samu kaɗan, wannan bambanci shi ne tsakuwar. ISO ƙara ƙarfin abin da aka riga aka tara yake yi, sai ya bayyana tsakuwar da take nan tun farko. Mutane suna ganin tsakuwa a duk hoton da ISO ɗinsa ya yi sama, sai su ɗora masa laifi, alhali duhun wurin ne ya sa aka ɗaga shi.

Abin da wannan ke nufi a aikace yana da muhimmanci. In ka ɗauki hoto a 1/125 da ISO 400 ya fito da duhu, ka je kwamfuta ka haskaka shi da mataki uku, ba za ka tsira daga tsakuwa ba. A kyamarori da yawa, musamman tsofaffin DSLR, sakamakon ya fi muni a kan a ce tun farko ka sa ISO 3200, inuwa ta cika da ɗigon kore da ja. Sannan tsakuwa tana da magani, gogewar motsi kuwa babu manhajar da ke gyara ta yadda ya kamata. Hoto mai ɗan yashi-yashi wanda idon mutum ya fito sarai, mai shi zai karɓa da murna. Hoto mai santsi wanda fuska ta shafe, shara ne. Kusan duk DSLR da aka yi daga shekarar 2012 zuwa yau tana ba da hoto mai amfani a ISO 1600 da 3200, wasu har 6400, musamman ma da yake yawancin hotuna a fuskar waya ake kallonsu.

Saitin da nake ba mai koyo a irin wannan wuri shi ne: juya kan M, inda kai ke zaɓar labule da ƙofa da kanka, sa labule a 1/160, buɗe ƙofar gilashi iya buɗewarta, ka bar ISO a kan Auto, ka sa masa iyaka 3200 ko 6400. Kai ka riƙe abubuwa biyun da ke canza kamannin hoto, kyamara ta ji da na ukun. Ka kuma daina jawo hoto kusa da gilashi in kana iya matsawa da ƙafarka, domin a 18mm zuwa 24mm ƙofarka ta fi faɗi.

In dai kuɗi za ka kashe, gilashi ne farko. Gilashi mai tsawo ɗaya tak, 35mm ko 50mm mai f/1.8, yana cikin mafi sauƙin samu a wurin kowane kamfani. Daga f/5.6 zuwa f/1.8 mataki uku ne da ɗoriya, wato haske kusan ninki goma. Wurin da kake samun 1/15 zai koma wajen 1/150 ba tare da ka taɓa ISO ba. Kwatanta wannan da sauya kyamara zuwa mai cikakkiyar sensa, mai faɗin milimita 36 da tsawon 24. Faɗin filinta ya ninka na taka sau biyu da 'yan kai, ribar mataki ɗaya da kaɗan ke nan. Ka ga inda kwalliya ta fi biyan kuɗin sabulu. A ƙaramar sensa 35mm ya fi dacewa da cikin ɗaki, domin 50mm yana matse wuri, sai ka ga ka jingina da bango kana neman inda za ka ja baya. In Nikon kake riƙe da ita daga jerin D3000 ko D5000, ka lura: waɗannan ba su da injin juya saiti a jikinsu, don haka ka nemi gilashi mai rubutun AF-S, irin 35mm f/1.8G. Tsohon 50mm f/1.8D zai ɗauru, amma da hannu za ka riƙa saita shi.

Sai dai babbar ƙofa tana da nata sharaɗi. A f/1.8 yankin da ke fita tangaran siriri ne, in ka matso kusa da fuska sai ido ya fito, kunne ya yi hazo. Don haka ka daina barin kyamara ta zaɓi wurin saiti da kanta, domin abin da ya fi kusa ko ya fi haske take kamawa. Zaɓi ɗigon saiti guda, ka ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da kai. A ƙananan DSLR ɗigon tsakiya shi ya fi ƙarfi a duhu. Mutum ɗaya ko biyu, f/2 ya yi. Mutane goma a sahu biyu kuwa sai f/5.6, ka ga mun dawo inda muka fito. A nan ba gilashi ne zai cece ka ba, dole ka kawo haskenka.

Filashar da ke ɗagowa a saman kyamara ita ta ɓata wa filasha suna. Ƙarama ce, tana daf da gilashi, tana dukan fuska kai tsaye, goshi ya yi ƙyalli, ido ya yi ja, bayan mutum ya zama baƙi ƙirin. Dalilin duhun bayan shi ne haske yana raguwa da sauri fiye da yadda ake zato: in nisa ya ninka biyu, abin da ya isa kashi ɗaya cikin huɗu ne. Mutumin da ke mita biyu da kai ya samu haske, bangon da ke mita shida ya samu ɗaya bisa tara. Filashar da ake ɗaurawa a sama, wadda kanta ke juyawa, ita ce abin nema. Ka juya kan ya kalli silin ko bangon da ke gefenka da ɗan baya, in fari ne. Hasken zai bugi wurin ya bazu, ya dawo a matsayin babban haske mai laushi. Ƙa'idar guda ce: gwargwadon girman abin da haske ya fito daga gare shi a kusa da mutum, gwargwadon laushin inuwa. Ka bar labule a 1/60 zuwa 1/125, ISO 800 ko 1600, don hasken ɗakin ma ya shiga, wurin ya fito kamar yadda ido ya gan shi. Kada ka wuce 1/200 ko 1/250, iyakar da yawancin kyamarori ke jituwa da filasha ke nan. Wasu za su hana ka wucewa, wasu kuma ka ga rabin hoto ya yi baƙi. In silin ya yi nisa sosai ko mai launi ne, wannan dabara ba za ta yi ba, sai ka ɗora filashar a kan sanda da lemar haske.

Da rana kuwa taga ta ishe ka. Tsayar da mutum gefen taga, fuskarsa ta ɗan karkata zuwa gare ta, ka kashe fitilar ɗakin, wani ya riƙe maka farin kwali a ɗaya gefen. Kada ka sa taga a bayansa sai in da gangan kake so.

Wannan ya kawo mu ga duhun fuska da ka ambata. Ma'aunin haske na cikin kyamara bai san me yake kallo ba. An gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani zuwa toka-toka matsakaici, wanda ake kwatantawa da abin da ke mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na haske. In farin bango ko fararen tufafi ko taga suka cika hoto, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, fuska ta nutse. Maganin shi ne maɓallin nan mai alamar +/-. Ƙara +2/3 ko +1, ka duba. Ka kunna gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙiftawa, ka ƙara haske har sai farar riga ta kusa fara ƙiftawa, ka tsaya. Kada ka yarda da hasken fuskar kyamara kaɗai, domin a duhu komai yana yi wa ido kamar ya haskaka. Duba jadawalin haske, zanen tuddan nan da kyamara ke nunawa tare da hoto, in duk ya taru a hagu to hoton ya yi duhu.

Fata mai duhu tana da abin da ya kamata ka sani game da ita. Ba ƙarin ƙarfin haske take nema ba kamar yadda wasu ke yi, su dalle mutum da filasha har ya yi fari-fari. Siffar fuskar tana fitowa ne daga yadda fatar ke mayar da ƙyallin babban haske mai laushi a kan goshi, kunci da karan hanci. Babbar taga, silin da aka buga wa filasha, farin kwali a ƙasan haɓa, su ne ke fito da kyanta. Wannan matsala tana da tarihi. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wankin hoto katin gwajin launi da aka fi sani da katin Shirley, mai hoton mace farar fata, kuma da shi ake daidaita injina. Sai a shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Har a 2021 kamfanin Google ya ga buƙatar fito da tsarin Real Tone a wayar Pixel 6 don gyara wannan. Ni dai roƙona gare ka shi ne, a wurin gyaran hoto kada ka sauya wa mutum launin da Allah Ya ba shi da sunan haskakawa. Ka gyara hasken, ka bar fatar.

Ka koma ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto kamar yadda sensa ta kama shi, ko RAW da JPEG tare. JPEG yana ajiye matakan haske 256 a kowane launi, RAW kuwa 4,096 ko 16,384, gwargwadon kyamara. Wannan sarari shi ke ba ka damar ɗago inuwa da gyara launi daga baya ba tare da hoto ya farfashe ba. Launi kuwa a cikin ɗaki rikici ne: tsohon ƙwan fitila mai ja-ja yana wajen 2,700 zuwa 3,200 a ma'aunin Kelvin, hasken rana wajen 5,500. In biyun suka haɗu a fuska ɗaya, babu saitin da zai gamsar da duka, shi ya sa na ce ka kashe ɗaya. Wani abu kuma, in ka ga hotuna biyu da ka ɗauka a jere sun bambanta a haske ko launi, ko ratsi-ratsi ya bayyana, fitilar ce ke ƙiftawa tare da wutar lantarki. Inda wuta ke juyawa sau 50 a daƙiƙa yi amfani da 1/50 ko 1/100, inda take sau 60 kuma 1/60 ko 1/125.

Batun wayar na gefenka: ba sensarta ce ta fi taka ba, ta fi taka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Gilashinta dai a buɗe yake wajen f/1.8 kullum, kuma ba hoto ɗaya take ɗauka ba. Tana ɗaukar hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido, ta jera su, ta haɗe su wuri guda. In aka haɗa hotuna huɗu, tsakuwa tana raguwa da rabi. Google ya fito da tsarin ɗaukar hoton dare mai suna Night Sight a 2018, Apple kuma ya kawo nasa tsarin dare a iPhone 11 a 2019. Ka karɓi hoton nasa ka girmama shi a kwamfuta, za ka ga gashi da saƙar tufafi sun narke kamar an shafa fenti, wanda ya motsa kuma ya goge. A ƙaramar fuskar waya ne ba a gani.

Irin wannan ci gaba ya iso ga masu kyamara ma, kuma a ganina shi ne labarin da ya fi shafarka. Kamfanin DxO ya fitar da manhajar PureRAW a 2021, Adobe kuma ya sa Denoise mai aiki da ƙirƙirarriyar basira a cikin manhajar gyaran hoto ta Lightroom a watan Afrilun 2023. Suna tsabtace hoton RAW mai ISO 6400 har ya zama abin da a da ba a zata ba, kuma tsohuwar kyamara tana cin wannan riba daidai da sabuwa. Ka dai sassauta hannu, in ka cika shi fata za ta zama kamar roba. Ka kuma riƙa adana ainihin RAW ɗinka. Tun da mai ɗaukar hoto Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar gasar Sony World Photography Awards a 2023, bayan ya bayyana cewa na'ura ce ta ƙirƙiri hoton da ya ci, tambayar ko hoto na gaske ne ta zama babba a sana'ar nan. A shekarar ce Leica ta fitar da M11-P, kyamara ta farko mai liƙa wa hoto shaidar asali bisa tsarin C2PA. Kafin irin wannan ya yaɗu, RAW ɗinka shi ne hujjarka.

Ban ce marar madubi ba ta da amfani ba. Can masana'antar ta nufa: Sony ta fara da A7 mai cikakkiyar sensa a 2013, Canon da Nikon suka biyo da EOS R da jerin Z a 2018, kuma kusan duk sababbin gilasansu na wannan ɓangare ne. Ribarta ta gaske biyu ce. Sababbinsu suna gane ido su bi shi duk inda mutum ya juya, wanda ke sa aiki da f/1.8 ya yi sauƙi matuƙa, sannan kana ganin hasken hoto a cikin maleƙa kafin ka danna. Da yawansu kuma suna da na'urar hana girgiza a jikin sensa. Batirinsu dai ya fi saurin ƙarewa. Ranar da ka ga kana da gilashi mai faɗin ƙofa, labulenka na 1/160 zuwa sama, haske ya daidaita, amma hotuna suna lalacewa saboda saiti ya kasa kama mai motsi a duhu, to kyamarar ta kai iyakarta, ka sauya. Gilashin da ka saya yanzu ba asara ba ne: Canon na da mahaɗin EF-EOS R, Nikon na da FTZ, kuma gilashin EF na Canon ko AF-S na Nikon zai ci gaba da saita kansa a kan sabuwar kyamarar. Sai dai in gilashin na ƙaramar sensa ne, irin EF-S ko DX, ka ɗaura shi a kan cikakkiyar sensa, kyamarar za ta yi amfani da tsakiyar sensar kawai, girman hoton ya ragu da fiye da rabi. In kana da niyyar komawa cikakkiyar sensa nan gaba, 50mm f/1.8 zai bi ka can, 35mm mai alamar DX kuwa ba zai cika ta ba.